Kwamfutar Gwanjo: Saurari Kukanta Kafin Ka Wanke Ta

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana shi ne hujjar yawancin ɗalibai irina da ke amfani da kwamfutar gwanjo, wato wadda wani ya riga ya mora kafin ta iso hannunmu. Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a Sashen Hausa ya san cewa a yau ba a rubuta kundin kammala digiri da biro a miƙa wa malami. Dole a buga shi, kuma dole ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu, in ba haka ba malami ya cika maka takarda da jan biro. Masu shagunan buga takardu kuwa, kaɗan ne daga cikinsu suka damu da bambancin "kafa" da "ƙafa". Saboda haka mai son aikinsa ya fita tsaf sai ya nemi na'urar kansa. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai a koma ga ta hannu.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin yadda tawa kwamfutar ta ƙi tashi a garin Shira, a daidai lokacin da aikin wata huɗu yake cikinta, da kuma matakan da aka bi har ta dawo hayyacinta. Ni ba injiniya ba ne, ɗalibin harshe ne. Amma abin da na gani ya nuna mini cewa na'urar da ta ƙi tashi ba shiru take yi ba, magana take yi, kuma wanda ya saba sauraron harshe ya riga ya mallaki rabin kayan aikin fahimtar ta.

Daga Ina Take Fitowa?

Akasarin waɗannan kwamfutoci, ofisoshi da makarantun Turai da Amurka ne suka yi aiki da su na wasu shekaru, da suka sayi sababbi suka fitar da su. Daga can sai a loda su a jirgin ruwa zuwa Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, su hau mota zuwa Kano, daga nan su watsu zuwa garuruwa irin su Azare. Shi ya sa wasu ke ce wa irin wannan kaya ɗan Beljiyam, wasu kuma su ari kalmar Yarbanci su ce tokumbo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa, a wancan lokacin, kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne ke shigowa Nijeriya a shekara, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga isowarsu. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake yi wa babbar manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana buƙatar wasu kayan ciki da tsofaffin na'urori da yawa ba su da su. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, masu hali kan zubar da tsoho, mu kuma mu tara hannu. Ke nan wajibi ne mu san halin abin da muke saya.

Abin da Ke Cikin Tawa

Na sayi tawa a wani shago a Kano a tsakiyar 2024. Irin ta kan tebur ce: baƙin akwati, da allon kallo da ake kira monita, da allon rubutu, da ɓera. Na zaɓe ta a kan ta tafi-da-gidanka saboda ta fi araha, kuma idan wani abu ya lalace a cikinta ana iya cire shi kaɗai a sa wani.

Da ita na tafi Shira, a ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi, inda na sauka a gidan wani aminin mahaifina, malamin firamare, wanda nake kira Baffa. Aikina shi ne tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin daka daga bakin tsofaffi domin nazarin Guddiranci, wato karin harshen Hausa na wannan yanki. Shira tsohon gari ne, ya girmi masarautar Katagum kanta, wadda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadi. Mutanen garin sun taɓa samun harshensu na kansu, Shiranci, ɗan'uwan Badanci, amma yau ba a jin sa a bakin kowa. Hausa ta maye gurbinsa kamar yadda ta maye gurbin harsunan Teshena da Auyo. Wanda ya zauna a irin wannan gari ba sai an gaya masa cewa magana ma tana mutuwa ba.

Daga Satumba zuwa Disamba na ɗauki muryoyin tsofaffi 14, maza da mata, a Shira da Yana da Disina, abin da ya kai kimanin awa 11. Da wayar hannu nake ɗauka, in ta cika in juye a kwamfuta, in sake fita. A ƙarshen Disamba na tafi gida na mako uku, Baffa ya zare wayoyin na'urar daga bango, ya lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu. Da na dawo a Janairun 2025, labarin farko da na tarar shi ne Iya, tsohuwar da ta fi kowa ba ni waƙoƙi, ta riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙanta da rahama. Labari na biyu kuwa kwamfutar ce ta ba ni shi da kanta. Na jona ta, na danna maɓalli, fitilarta ta kama, fankarta ta fara juyawa, amma monita baƙi ƙirin. Sai wata 'yar ƙara take fitowa daga cikin akwatin, ta tsaya, ta sake fitowa. Muryar Iya kuma tana cikin wannan akwati.

Mataki na Farko: Fara Daga Bango

Da Baffa ya ga yadda na yi zuru, sai ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Yana, gobe ka kai masa ya duba." Washegari na ɗaure akwatin da monita a bayan babur na nufi Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira. Na tarar da dattijon a rumfarsa cikin tsofaffin rediyoyi da fitilun caji. Bayan mun gaisa na yi masa bayani, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ni ban san kwamfuta ba, amma na san wuta. Duk abin da ke cin wuta, daga bango ake fara yi masa tambaya."

Haka kuwa aka yi. Ya fara gwada soket da fitila, sannan ya gwada wayar wuta da mitarsa, sannan ya duba fis ɗin da ke cikin fulogi. Bayan haka ya juya bayan akwatin ya nuna mini wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Tsohuwar kwamfutar da ta fito daga can tana iya zuwa da wannan maɓalli a kan 115, kuma duk wanda ya jona ta a haka, sai dai ya ji fas ya ga hayaƙi. Tawa tana kan 230, nan lafiya lau.

Monita ma an yi mata tata tambayar. Da aka zare wayar da ke haɗa ta da akwatin aka kunna ta ita kaɗai, sai ta rubuta cewa ba ta samun saƙo. Wannan rubutu kaɗai ya wanke ta daga zargi, domin matacciyar monita ba ta rubuta komai.

Saura tukunyar wuta, wadda masu gyara ke kira fawa-fak. Aikinta shi ne ta karɓi wutar bango ta rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda kayan ciki ke sha. Na nuna wa Baba abin da na karanto a waya, cewa a babban fulogin nan mai ramuka 24, idan aka haɗa koriyar waya da baƙa, tukunyar za ta tashi ita kaɗai. Ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe ya haɗa su, fanka ta juya. Ya sa mita: rawayar waya ta ba da 12, ja ta ba da 5, mai ruwan goro ta ba da 3.3. Ya ce, "Wutarka lafiya ƙalau take. Amma ka ji, ko da wasa kada ka taɓa kwance wannan tukunya. Tana riƙe wuta ko bayan an kashe ta." Na ce, "Na ji, Baba."

Mataki na Biyu: Kukan Na'ura

A nan ne ya kamata in faɗi wani abu game da kaina, saboda ya shafi maganar. Ba da Hausa na buɗe baki ba. A makaranta da kasuwa na koye ta, kuma wanda ya koyi Hausa da wayonsa ya san cewa kunne ne ke fara shan wahala kafin baki. Bahaushe ba ya tunani kafin ya bambanta "gari" na zama da "gari" na tuwo, ni kuwa sai da aka nuna mini cewa tsawon wasali ne ya raba su. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, karin sauti ne ya raba su. Saboda haka da na sake sauraron ƙarar nan, sai na lura cewa ba hayaniya ba ce. Tana da adadi, tana da tsawo, tana da inda take numfasawa, kuma kullum iri ɗaya take maimaitawa.

Ashe tun daga kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981, akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin babban allon ciki, wadda ake kira Bayos. Sababbin na'urori suna da magajiyarta, amma har yanzu da wannan suna ake kiran ta a bakin masu gyara. Da zarar an danna maɓalli, ita ce ke fara farkawa, ta bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya tana duba lafiyarsu, kamar yadda malami ke kiran suna a aji. In kowa ya amsa, sai ta miƙa ragama ga Windows. In wani bai amsa ba, alhali ba ta kai ga kunna monita ba balle ta yi rubutu, sai ta yi magana da ƙara: gajere da dogo, a jere. Sai dai kowane kamfani da nasa karin harshen. Ƙara uku a wannan na'ura ba lallai ta zo daidai da ƙara uku a waccan ba. Don haka na duba lambar samfurin da ke manne a jikin akwatin, na nemi littafin jagorarsa a intanet, na ƙirga ƙarar na gwada da jadawalin da ke ciki. Fassarar ta fito sarai: ba a ga ma'adanar wucin-gadi ba.

Ita wannan ma'adana, wadda kowa ke kira ram, ita ce kamar faifan da ake baza aiki a kai yayin da na'ura ke kunne. Ba ta ajiye komai in an kashe wuta, amma in babu ita kwamfuta ba ta ko taku ɗaya. Muka zare fulogi daga bango, muka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan muka buɗe murfi. Kafin in sa hannu sai da na taɓa ƙarfen akwatin, domin tartsatsin nan da kan fito idan mutum ya cire rigar sanyi da hunturu ya isa ya ƙona ƙananan kayan ciki.

Abin da muka gani a ciki, ƙura ce ja kamar an barbaɗa garin dawa. Zanen Baffa ya tare ta waje, amma ta wata huɗu da fanka ta riƙa zuƙowa tana nan a kwance. Baba ya kaɗe ta da busasshen buroshi. Ya duba kawunan kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allo, ya ce in kan ɗaya ya kumbura ko ya yi tsatsa to shi ne mai laifi. Duk a shafe suke. Sai muka cire ram ɗin, guda biyu ne, muka goge bakinsu mai ruwan zinare da robar goge fensir.

A nan dattijon ya ba ni darasin da ya fi kowanne. Ya ce, "Kada ka mayar da su tare. In ka canza abu biyu a lokaci guda, ko ta tashi ba za ka san wanda ya tashe ta ba." Muka sa na farko shi kaɗai, ƙara ta ɗauke, monita ta kawo haske. Muka cire shi muka sa na biyu, ƙara ta dawo. Muka sauya masa rami, ba ta sake zani ba. Shi ke nan, ɗaya ya mutu, ɗaya na da rai, kuma guda ɗayan ya isa a yi rubutu. Mu ɗaliban ilimin furuci mun san wannan dabara: in kana son ka tabbatar da ƙwayar sauti, sai ka sami kalmomi biyu da suka bambanta a wuri ɗaya tak.

Mataki na Uku: Agogon da Ya Koma Baya

Murna ba ta daɗe ba. Monita ta kawo rubutu fari a kan baƙi, tana cewa ba a saita kwanan wata da lokaci ba, a danna F1 don a ci gaba. Da muka leƙa cikin Bayos, sai ga kwanan wata ya koma 1 ga Janairun wata shekara da ni kaina ina firamare.

Dalilin wannan ɗan ƙaramin abu ne. A jikin babban allo akwai wani batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Lambar ma bayanin girmansa ce: faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2, ƙarfinsa kuma bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin Bayos a lokacin da babu wuta. Muddin akwatin na jone da bango kuma akwai wuta, hutawa yake yi. A ofishin da wuta ba ta yankewa yakan yi shekaru bai gaji ba. Amma ka tuna, wanda ke cikin kwamfutar gwanjo ya riga ya tsufa, ya kwana a sito, ya kwana a jirgin ruwa, ya kwana a shago, sannan ya zo garin da wuta takan zo takan tafi. Mako ukun da tawa ta yi a lulluɓe su ne suka ƙarasa shi. Baba ya sa masa mita, ko bolt 1 bai cika ba. Allura dai ƙarfe ce, ba a raina ta. Ya ce ba shi da irinsa, amma masu sayar da agogo a Azare ba za su rasa ba. Na tambaye shi kuɗin aikinsa, ya ce, "Ka bar shi, ɗana, ni ma yau na ƙaru." Sai da na matsa ya karɓi na goro.

Mataki na Huɗu: "Wanke Ta Za Mu Yi"

A Azare na sami batirin a hannun mai agogo, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da miya ba. Na shiga wani shagon gyaran kwamfuta don a sa shi a kuma gwada na'urar. Wani matashi sa'ana ne a shagon. Ya sa batir, ya gyara kwanan wata, ya kunna. Tambarin Windows ya fito, 'yan ɗigogi suka fara zagayawa, sai allo ya koma shuɗi, na'ura ta mutu ta sake tashi da kanta. Sau uku tana yin haka.

Matashin ya ce, "Malam, Windo ɗinka ne ya tafi. Fomatin za a yi. Wanke ta za mu yi tas, mu ɗora maka sabo, awa ɗaya ka ɗauki abarka."

Na ce, "Abokina, in an wanke, abin da ke ciki fa?"

Ya ce, "Ai shi ke nan, sai dai haƙuri."

Ya kai mai karatu, dubi wannan kalma ta wankewa. A Hausa, abin da aka wanke datti ne ke fita, shi kuma ya saura. Ana wanke riga a sa, ana wanke kwano a ci abinci. Wanda bai sani ba, in ya ji za a wanke masa kwamfuta, godiya zai yi. Alhali abin da ake nufi ya fi kusa da wanke allo a makarantar allo: rubutun ne ke tafiya, katakon ya saura. A can kuwa almajiri ba ya wankewa sai ya haddace. Ban ga laifin matashin ba, domin wannan hanya ita ce mafi sauri, kuma yawancin masu kawo masa gyara fina-finai da waƙoƙin da za su iya sake samu ne a na'urorinsu. Shi bai san Iya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na roƙe shi ya dakata, na kira wata abokiyar karatuna da ke Sashen Kimiyyar Kwamfuta. Ta ce, "Kada ka bari a taɓa komai sai an kwashe kayanka. Ka tambaye su ko suna da filash mai Linux." Aka yi sa'a maigidan shagon ya shigo, kuma yana da filash mai ɗauke da Ubuntu, wato wani nau'in babbar manhajar Linux da ake samu kyauta. Amfaninsa shi ne ana iya tayar da kwamfuta daga jikin filash ɗin kai tsaye, ba tare da an rubuta komai a kan babbar ma'adana ba, wato had-dis. Aka tayar da ita a haka, aka buɗe ma'adanar, sai ga jakunkunan aikina a jere, ba wadda ta yi ko ƙwarzane. Na sayi sabon filash aka kwafe su duka. Na sa abin ji a kunne na buɗe ɗaya, sai ga muryar Iya tana gyara mini furucin wata kalma tana dariya. Sai da na fita waje na ɗan tsaya kafin in dawo.

Da hankali ya kwanta, sai tunani ya dawo. In had-dis lafiya yake, kuma ba wanda ya taɓa Windows tun Disamba, to me ya canza? Abu ɗaya ne: batir ya mutu, Bayos ta manta saitin da aka yi mata, ta koma kan wanda ta fito da shi daga masana'anta. Na sake kiran abokiyar karatun nan na faɗa mata haka. Ta ce a duba wurin da ake zaɓar hanyar da babban allo ke magana da had-dis. Hanyoyin sun fi ɗaya, akwai tsohuwa mai suna IDE, akwai wadda ta biyo bayanta mai suna AHCI, wasu na'urorin ma suna da ta uku. Windows kuwa da hanyar da aka ɗora ta a kai take tashi. In aka sauya, sai ta nemi ma'adanar ta rasa, ko da kuwa tana gabanta, kamar baƙon da aka yi wa sallama da harshen da bai iya ba. Maigidan shagon ya shiga Bayos, ya mayar da zaɓin kan AHCI, ya adana, ya sake kunnawa. Ɗigogi suka zagaya, allo bai yi shuɗi ba, sai ga hoton Dutsen Shira da na ɗora a fuskar na'urar. Matashin ya riƙe baki ya ce, "Oga, ashe nan ma ana dubawa?" Maigidansa ya ce, "Yau ka gani."

Abin da Za Mu Ɗauka

In aka tattara, cuta uku ce ta haɗu a jiki ɗaya: ram guda ya mutu, batir ya ƙare, saiti ya sauya. Kowace ta ɓuya a bayan 'yar'uwarta, sai an warkar da ta farko ta biyu ke bayyana. Babu ko ɗaya daga cikinsu da fomatin ke da hurumin magancewa, in ban da ta ƙarshe, wadda zai rufe ta a kan asarar awa 11 na muryoyin da wasunsu ba za a sake ji ba. Wani lokaci ƙwararru kan iya ceto wani abu bayan an yi fomatin, amma da zarar an ɗora sabon abu a kai, lamarin ya yi wuya.

Ga ɗalibin da tasa ta ƙi tashi, ga tsarin a taƙaice. Ka fara daga bango: soket, waya, fis, maɓallin bolt, monita. Ka saurari ƙara, ka ƙirga ta, ka nemi fassararta a littafin samfurin na'urarka. Ka karanta duk abin da monita ta rubuta, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka fara da mai araha kafin mai tsada. Kafin kowa ya ambaci wankewa, a kwashe maka aikinka. In kuwa yanzu za ka saya, ka sa a buɗe a gabanka, ka duba kafasitoci, ka kashe ka kunna sau da yawa, ka sa sabon batir tun ranar, ka kuma nemi sitabilaiza. Aikin bincike kuma a ajiye shi wuri biyu ko uku, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani nauyi da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban Hausa. A shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu lanƙwasa domin a iya buga Hausa yadda take, a lokacin da na'urorin ba su tanadi haka ba. Yau wannan matsala ta yi sauƙi. Wadda ta rage ita ce ta kalmomi. Mai gyara da mai kawo gyara da Hausa suke ciniki, amma rabin kalmomin aro ne da ɗayansu bai san zurfinsu ba. Mun ce kwamfuta ta tashi, ta mutu, ta yi nauyi, ta sandare, duk waɗannan sun zauna daram, kowa ya gane. Amma wankewa ta ɓoye asara a cikin tsabta. Da "shafewa" ko "sharewa ƙaf" ake cewa, da mutane da yawa sun tsaya sun yi tambaya kafin su amince. Ƙirƙirar kalma ba ado ba ne kawai na taron ƙara wa juna sani. Wani lokaci ita ce ke tsakanin mutum da asarar aikinsa.

Kammalawa

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da kada mu ɗauki kwamfuta a matsayin akwatin tsafi da sai boka ke buɗewa. Na'ura ce da mutane irinmu suka ƙera, kuma suka koya mata yadda za ta faɗi inda ke yi mata ciwo. Wanda aka horar da shi ya bambanta gajeren wasali da dogo, ya kuma tsaya ya tambayi ma'anar kalma kafin ya ce ya yarda, ba zai rasa abin yi a gabanta ba. Haka nan ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta duba yiwuwar tattara kalmomin da masu gyaran kwamfuta da waya ke amfani da su a Azare da Kano da Zariya, a tace su, a buga a wannan mujalla kashi-kashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana maganarsu, Ya kuma sa mu kammala karatunmu lafiya, amin.